Gwiwar Manomi Ita Ma Jari Ce

Da zarar damina ta ɗauke, sanyi ya shigo, sai a ga mutanen Aliero da Maiyama sun duƙufa dashen albasa. Tun asuba mutum yana tsugune ko yana durƙushe a fangali, ba ya miƙewa sai azahar. Ran da aka cire albasa kuma, shi ne zai kinkimi buhu zuwa mota don kasuwar Jega. Duk wannan wahala a kan gwiwa take sauka, amma ba mai tuna ta sai ta kumbura.

To, ga yadda abin yake. A gaban ƙoƙon gwiwa akwai wata 'yar jaka mai ruwa. Yawan durƙuso a ƙasa mai tauri shi ke sa ta kumbura. In ƙaya ko tsakuwa ta huda fatar wurin, sai ta yi mugunya. Daɗewa a tsugune da ɗaukar kaya mai nauyi kuwa suna cin guringuntsin gaɓar, shi kuwa in ya cinye ba ya komowa. Masu ɗorin Aliero sun yi suna wajen karaya, amma wannan ba karaya ba ce.

A Amurka masu sana'ar shimfiɗa kafet sun sha wannan ciwo, don a durƙushe suke wuni, suna buga ƙarfen jan kafet da gwiwa. A 1990 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta yi gargaɗi a riƙa ɗaura matashi a gwiwa, a kuma ja kafet da na'urar hannu.

Manomi ma yana da tasa dabarar, kuma ba ta da tsada. Ya ninka tsohon buhu ko guntun soson katifa, ya durƙusa a kai. In ya gama fangali biyu ko uku, ya miƙe ya taka. Buhu kuwa mutum biyu su kama, ko a sa a baro. Mai gona da ya ɗauki 'yan ƙwadago, shi ya kamata ya tanadi waɗannan, don gurgu ba ya dashe.

Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi, har da zazzaɓi, kada a tsaga ta, kada a yi mata ƙaho. A tafi asibiti ran nan. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba da lafiya da amfani mai albarka, amin.