Takardar zama a Birtaniya ta koma intanet: a bar wa baƙo shaida a hannunsa

Ranar 31 ga Disamba, 2024, wa'adin kusan dukkan katunan zama na BRP da Birtaniya ke bai wa baƙi ya ƙare. Izinin zaman masu katin yana nan, katin ne gwamnati ta yi wa ritaya, ta maye gurbinsa da abin da ta kira eVisa, wato bayanin matsayin mutum da ke ajiye a kwamfutocin Ma'aikatar Cikin Gida. Mai izinin zama zai buɗe asusu a shafin hukumar biza, ya ɗauki hoton fuskarsa da na fasfonsa ta wata manhaja ta waya, a haɗa asusun da fasfon. Duk ranar da mai ba da aiki ko mai gidan haya ya nemi ganin shaida, sai baƙon ya shiga asusun ya ciro wata lamba mai aiki na kwana 90, ya miƙa ta tare da ranar haihuwarsa, shi kuma wancan ya shiga shafin gwamnati ya duba. Yaro ma sai an buɗe masa nasa asusun. Daga tsakiyar Yulin 2025 aka daina manna takardar biza a fasfon masu zuwa karatu ko aiki, kuma dubban ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi 'yan Nijeriya da Ghana suna cikin waɗanda abin ya shafa. Ra'ayin wannan jarida shi ne ajiye bayanai a na'ura ba laifi ba ne. Laifin yana wajen raba mutum da duk wata shaida da zai riƙe da hannunsa.

Bari mu fara da bai wa gwamnatin haƙƙinta. Kati yana ɓata, ana sace shi, ana ƙirƙiro na jabu, kuma wanda nasa ya ɓata yana ƙasar waje sai ya nemi wata biza ta musamman kafin ya iya komawa. Akwai kuma miyagun iyayen gida da ke ƙwace takardun 'yan aiki don su riƙe su kamar bayi, abin da ya fi wuya idan babu takardar da za a ƙwace. Tsarin ma ba sabo ba ne, domin da shi aka yi wa miliyoyin 'yan ƙasashen Tarayyar Turai rajista bayan ficewar Birtaniya daga ƙungiyar, kuma a farkon 2025 ma'aikatar ta ce fiye da mutum miliyan 4 sun buɗe asusun eVisa. Ga matashi mai wayar zamani da Turanci a baki, aikin minti kaɗan ne. Duk wannan gaskiya ne.

Sai dai ba a auna nagartar takardar shaida da ranar da komai ke tafiya daidai. Ana auna ta da ranar da aka tsayar da mutum, aka ce ya tabbatar da ko shi wane ne. A Birtaniya kuwa masu tsayarwar suna da yawa, domin tun daga 2012, lokacin da Theresa May take ministar cikin gida, ƙasar ta ɗauki manufar takura wa marasa takardu ta hanyar ɗora aikin bincike a kan talakawan gari. Mai kamfani, da mai gidan haya a Ingila, da banki, da kamfanin jirgin sama, kowa ya zama ɗan sandan kan iyaka. A Fabrairun 2024 aka ƙara tarar mai ba da aikin da ya ɗauki mara izini zuwa fam 45,000 a kan kowane ma'aikaci a laifin farko, da fam 60,000 idan ya maimaita. Mai gidan haya zai iya biyan fam 10,000 a kan ɗan haya guda a karon farko. Kamfanin jirgi kuma fam 2,000 a kan kowane fasinjan da ya kawo ba tare da cikakkun takardu ba. To, mutumin da irin wannan tara ke rataye a wuyansa, idan shafin ya ƙi buɗewa ko ya nuna hoton wani daban, ba zai tsaya jiran a gyara ba. Zai bai wa na bayanka aikin ko ɗakin, ma'aikaciyar jirgi a Legas ko Abuja kuma za ta ce ka koma gefe. Na'urar gwamnati ce ta yi kuskure, baƙo ne ya yi asara, kuma babu wanda zai biya shi kuɗin tikiti.

Kuskuren kuwa ba hasashe ba ne. A Maris na 2024 jaridar Guardian ta ruwaito cewa rumbun bayanan ma'aikatar ya cakuɗa sunaye da hotuna da matsayin fiye da mutum 76,000, har wasu suka buɗe asusunsu suka tarar da fuskar wani. A Mayun 2024 ƙofofin lantarki na duba fasfo suka tsaya cak a manyan filayen jiragen saman ƙasar na tsawon sa'o'i. Ita ma gwamnatin ta nuna ba ta gama yarda da tsarinta ba, tunda ta amince a ci gaba da tafiya da katunan da wa'adinsu ya ƙare har ƙarshen Maris na 2025, sannan ta ƙara wa'adin zuwa 1 ga Yuni. Idan katin da ya mutu ya iya ceton matafiyi na wata biyar, me zai hana a samar da wata shaida mai rai da za ta yi wannan aikin har kullum?

Akwai abin da ya fi lalacewar na'ura nauyi. A tsohon tsari, shaida tana wuri biyu: a fayil ɗin hukuma da kuma aljihun mai ita. Idan ɗaya ya yi kuskure, ɗayan zai ƙaryata shi. Yanzu ta koma wuri guda, kuma wurin nan shi ne ofishin da ke da ikon korar mutum daga ƙasar. Kamar mai gona ne a ce takardar gonarsa tana ajiye a akwatin wanda suke shari'ar iyaka da shi, sai ya roƙa a buɗe masa ya leƙa. Birtaniya ta fi kowa sanin inda wannan ke kaiwa. Mutanen yankin Karibiyan da ake kira 'yan Windrush sun shiga ƙasar tun daga 1948, dokar shige da fice ta 1971 ta tabbatar musu da zama na dindindin, amma ba a ba da yawansu wata takarda ba. A 2010 ma'aikatar ta lalata katunan saukarsu da ke ajiye. Da zamanin takura ya zo, tsofaffin da suka yi shekara arba'in ko hamsin suna biyan haraji suka rasa aiki da gida da magani, aka tsare wasu, aka kori wasu. Abin kunyar ya ci kujerar ministar cikin gida Amber Rudd a Afrilun 2018, kuma rahoton binciken Wendy Williams na 2020 ya ɗora laifin a kan ma'aikatar. Masu kare eVisa suna cewa ai darasin Windrush shi ne a riƙa ajiye bayanan kowa. Rabin darasin ke nan. Ɗaya rabin shi ne hukuma tana iya ɓatar da abin da ta ajiye, kuma ranar da ta ɓatar, wanda ba shi da komai a hannu ba shi da bakin magana.

Babbar hujjar ma'aikatar ita ce matsayin baƙo yana canzawa: ana iya soke izini yau, alhali takardar da ke hannunsa tana cewa yana da sauran shekara biyu. Hujja ce mai ma'ana, amma tana da magani. Fasfo ma ana soke shi, ba a kuma daina buga shi ba saboda haka. A lokacin annobar korona, Tarayyar Turai ta bai wa ɗaruruwan miliyoyin mutane shaidar rigakafi mai ɗauke da tambarin nan mai murabba'i da waya ke karantawa, wanda ake iya bugawa a takarda, a kuma tantance sahihancinsa ko babu intanet. Ƙungiyar the3million, mai kare haƙƙin 'yan Turai mazauna Birtaniya, ta daɗe tana ba da shawarar irin wannan. Za a iya sa masa ɗan gajeren wa'adi, a riƙa sabuntawa. Majalisar Dattijai ta Birtaniya ma ta kaɗa ƙuri'ar goyon bayan shaida ta zahiri a 2020, majalisar wakilai ta yi watsi da ita. Batun kuɗi kuwa bai kamata ya fito daga bakin ma'aikatar da ke karɓar dubban fam daga kowane baƙo a kuɗin biza da harajin lafiya ba.

Kada a manta da waɗanda tsarin ya fi wahalarwa: tsohuwar da izininta na dindindin tambari ne a wani tsohon fasfo, wadda sai ta cike wata buƙata ta daban kafin a buɗe mata asusu, ɗan gudun hijirar da ba shi da fasfo, matar da mijinta ne ya buɗe mata asusu da lambar wayarsa da adireshin imel ɗinsa, ranar da aure ya mutu ta tarar mabuɗin zamanta yana hannunsa. An ce na'ura ta hana ƙwace takardu, ga shi ƙwacen ya sake salo.

Maganar ta shafe mu a gida ma, tunda Nijeriya ta fara ba da biza ta intanet daga Mayun 2025, kuma duk wanda aka rufe wa layin waya a rikicin haɗa shi da lambar NIN ya san yadda ake fama idan na'ura ta ce ba ta san ka ba. Ya kamata hukumar shige da fice ta Nijeriya ta tanadi mafita ga ranar da tsarin zai tsaya tun kafin ranar ta zo.

Kafin Birtaniya ta gyara, muna kira ga masu karatunmu da ke can, da iyayen da 'ya'yansu ke karatu a can: asusun ya kasance da lambar waya da imel na mai shi, ba na wakili ko ɗan'uwa ba; duk wanda ya sabunta fasfo ya shigar da sabon a asusunsa kafin ya sayi tikiti; a ciro lambar shaida kafin a tafi filin jirgi; a adana wasiƙar amincewa da tsohon katin BRP, kada a yar da su. Ofisoshin jakadancin ƙasashenmu a Landan kuma su tattara koke-koken 'yan ƙasarsu da aka hana hawa jirgi ko aka hana aiki saboda kuskuren na'ura, su kai wa gwamnatin Birtaniya a rubuce, su nemi a samar da shaidar da mutum zai iya bugawa ya riƙe.