Baltimore: kafin a raba kuɗin diyya, a san wa ke mutuwa

Birnin Baltimore na jihar Maryland a Amurka ya ƙi shiga babban sulhun da jihohi suka yi da kamfanonin magunguna kan annobar ƙwayoyin opioid, ya maka su kotu da kansa, har ya karɓi diyyar da ta haura dala miliyan 400 daga irin su Walgreens da Teva da Cardinal Health. A watan Agustan 2024 magajin garin, Brandon Scott, ya kafa ƙa'idar kashe kuɗin, ciki har da binciko ainihin buƙatun jama'a. A ganina wannan sharaɗi shi ne zai nuna ko diyyar za ta ceci rai ko za ta narke a ofisoshi.

An daɗe ana kallon annobar a matsayin ta matasa fararen fata mazauna karkara. Binciken da jaridun New York Times da Baltimore Banner suka wallafa a 2024 ya nuna kusan mutum 6,000 sun mutu a birnin cikin shekara shida sanadin shan ƙwaya fiye da kima, kuma waɗanda abin ya fi ci dattawa ne baƙar fata, haihuwar 1951 zuwa 1970. Da yawansu sun shekara da shekaru suna shan hiroyin, sai fentanil, wanda ya ninka ta ƙarfi kusan sau 50, ya mamaye kasuwa. Wasu a gidajen tsofaffi aka tsinci gawarsu. Maganin naloxone, wanda ake fesawa a hanci, yana dawo da numfashi cikin 'yan mintoci, kuma tun 2015 birnin ya sauƙaƙa samunsa. Amma wanda ya suma ba ya fesa wa kansa. Dattijon da ya kulle ƙofa, shi kaɗai a ɗaki, kwali goma a aljihun teburinsa ba su amfane shi da komai ba. Buƙatarsa maƙwabci ne ko mai gadi da aka koya wa aikin, wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa.

Masu sukar sharaɗin binciken suna cewa mutane na mutuwa kullum, babu lokacin cike takardu. Gaskiya ne rabon naloxone da buɗe wuraren magani ba sa jiran rahoto, kuma duk jami'in da ya fake da bincike ya riƙe kuɗin gaggawa ya ci amana. Sai dai diyyar nan ba za a sake biyan ta ba, kuma Amurkawa sun ga yadda jihohi suka karkatar da akasarin diyyar taba sigari ta 1998 zuwa wasu hidimomi.

Abin da ya fi damuna shi ne wa za a tambaya. In asibitoci da ƙungiyoyi kaɗai aka tara, kowa ƙarin kuɗin aikin da yake yi zai nema. Wasu na ganin sauraren mai shan ƙwaya ɗaure masa gindi ne, alhali shi ya san dalilin da ya sa ya daina zuwa karɓar methadone, maganin rage jarabar ƙwaya: ko mota biyu zai hau kowace safiya, ko ba shi da katin shaida, ko an wulaƙanta shi a layi. Dole masu binciken su shiga unguwanni irin su Penn North, su hau benayen tsofaffi hawa-hawa, su ji daga bakin wanda ya fito kurkuku makon jiya da matar da ta binne miji.