Tseren keken safe a Tamale: minti biyu ba su kai ƙafar yaro ba

Akwai wata gasa da ake yi kullum a titunan Tamale, daga ƙarfe shida da rabi zuwa takwas na safe. Ba a shelanta ta a rediyo, babu alƙali, babu kofi, kuma waɗanda ke cikinta ba sa ma yarda cewa suna ciki. Mai keke yana tafiyarsa daga Lamashegu ko Sagnarigu zuwa cikin gari, sai wani ya zo ya wuce shi fuu, ko sallama babu. Nan take sai ka ga na bayan ya gyara zama a sirdi, ya sunkuyar da kai, ya danna feda. Ba ya kallon abokin tserensa, don kada a ce abin ya dame shi. In ya samu ya sha gabansa, sai ya danne haki, ya saki fuska kamar wanda ya fito shan iska. Duk wanda ke zuwa aiki a kan keke a garin nan ya san wannan wasa.

Ni malamin lissafi ne a ƙaramar sakandare. Keke ne abin hawana, kuma da yawa cikin yaran ajina da shi suke zuwa makaranta. Maganar da nake so in yi da 'yan uwana masu keke ita ce: ribar wannan tsere ba ta taka kara ta karya ba, asararsa galibi a kan wanda bai ji ba bai gani ba take sauka, kuma yana neman ya raba mu da abu mafi daraja da mai keke ke da shi a Tamale, wato hanyar da aka ware mana a gefen titi.

Ba na cewa masu yin haka mugaye ne. Zuciya ce, kuma kowa na da ita. Saurayi da sabon kekensa mai giya, irin hom-yus da ake shigo da su daga Turai da Japan, ba zai so dattijo a kan tsohon Phoenix ya wuce shi ba. Shi ma dattijon, da buhun masara a kariya, yana so ya nuna har yanzu ƙafa na nan. Ma'aikacin ofis ba ya son ɗan makaranta ya bar shi a baya. Wanda ya fi duka zafi kuwa shi ne idan mace ce ta wuce. A Tamale mata na tuƙa keke da babur kamar kowa, ba sabon abu ba ne, amma har yau akwai mazan da in 'yar budurwa ta gifta su sai ka ga kamar an watsa musu barkono. Haba malam, wa ya ce da kai take yi? Kasuwar Aboabo za ta je, ba ta ma san kana nan ba.

To bari mu yi lissafi, tunda shi ne sana'ata. A ce tsakanin gidanka da wurin aikinka kilomita 6 ne. In kana tafiya a natse, gudun kilomita 15 a awa, minti 24 za ka yi. In ka matsa ka riƙe kilomita 20 a awa tun daga ƙofar gida har ƙarshe, minti 18 ne. Ka ci ribar minti 6 ke nan, da sharaɗin babu danja, babu mahaɗa, babu akuya, babu mai yalo-yalo da zai tsaya a gabanka ɗaukar fasinja. Wace safiya ce haka a Tamale? Kuma gaskiyar magana, tseren ba ya ɗaukar hanya duka. Yawanci kilomita ɗaya ne, kafin ɗayanku ya karya kwana. A kilomita ɗaya, mai gudun 15 zai yi minti 4, mai gudun 25 zai yi minti 2 da daƙiƙa 24. Bambancin bai cika minti biyu ba. Danja ɗaya ta tsayar da kai, sai ga wanda ka wuce ya iso a hankali ya tsaya kusa da kai, rigarsa a bushe, taka kuwa sharkaf.

Abin da aka biya don samun minti biyun nan ya fi su tsada. Iskar da ke tura mai keke baya ba a hankali take ƙaruwa ba: in ka ninka gudu sau biyu, turinta ya ninka sau huɗu, ƙarfin da za ka kashe don ka keta ta kuwa ya ninka sau takwas. Daga gudun 15 zuwa 25, aikin keta iska ya haura ninki huɗu da rabi. Shi ya sa mutum ke isa ofis a galabaice, ya ɓata rabin awa yana fifita da takarda kafin ya iya duba aiki. A watan Maris da Afirilu, lokacin da rana ke dukan arewa tun da hantsi, abin ya fi muni. Da hunturu kuma ƙurar da ka zuƙa da buɗaɗɗen baki ita ce tarin da za ka kwana da shi.

Wannan duk jikinka ne, kai ka jiyo. Inda abin ya shafi wasu shi ne birki. A gudun 15, kana cin mita 4 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. A gudun 25, kusan mita 7 ne. Ma'ana, kafin idonka ya ga yaro ya faɗo hanya, hannunka ya kai ga birki, ka riga ka ci tsawon ɗaki biyu. Bayan ka matse birkin ma, nisan da keke zai ja kafin ya tsaya a gudun 25 ya kusa ninki uku na wanda zai ja a gudun 15. Wannan fa in birkin na da lafiya ke nan. Mu je wurin kowane mai gyaran keke mu duba kekunan da ke jingine: nawa ne robar birkinsu ta cinye, nawa ne birki ɗaya kawai ke aiki, nawa ne mai su da takalmi yake tsayawa? Ga yashi a gefen kwalta wanda ke kwashe taya, ga kwata a buɗe.

Su wa ke kan wannan hanya da safe? Yaran firamare riƙe da hannun ƙannensu. Mai koko da ƙosai da ke tsallakawa da roba a ka. Tsohuwa mai zuwa asibiti. Uwa da goyo a baya da wani yaron a kariya. Ba ɗayansu da ya shiga gasar, amma su ne ke kwasar rabonta. A ajina an taɓa samun yarinya mai ƙoƙari da wasu samari biyu masu tsere suka banke ta a hanyar makaranta, ta karye a hannun dama ana saura 'yan makonni a fara jarrabawar BECE. Samarin sun tashi sun kakkaɓe wando, sun ba da haƙuri, sun tafi. Ita kuwa da ɗauri ta shiga ɗakin jarrabawa, mahaifiyarta ta bar sana'a tana jigila. Irin wannan hatsari ba ya shiga jarida, sau da yawa ko 'yan sanda ba sa jin labarinsa, don ana cewa ai keke ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Mu da mai tafiya a ƙasa sahu ɗaya muke a wannan lissafi. Bai kamata mu zama masu yi masa abin da mota ke yi mana ba.

Sai maganar hanyar keke. Tamale na cikin garuruwa ƙalilan a Ghana da aka yi wa keke hanyarsa daban a gefen manyan tituna, kamar titin Bolgatanga da titin asibiti. Wanda ya taɓa gwada tuƙa keke a Akra ko Kumasi, tsakanin trotro da tasi, ya san darajar wannan abu. Garin shimfiɗaɗɗe ne, babu tudu mai wahalarwa, don haka talaka na iya zuwa aiki ba tare da ya sayi litar fetur ko ya biya kuɗin mota ba. Sidin da ya rage a aljihu shi ne na cefane da na littafin yara.

Amma kowa na gani yadda hanyar ke ƙanƙancewa. Masu babur sun shigo ta, yalo-yalo da motokin na fakawa a kai, 'yan tebur sun baje kaya, wani wurin ma an sauke yashi da bulo. In muka tashi kai kuka wurin majalisar birni a kan a kwashe mana waɗannan, hujjarmu ɗaya ce: wannan hanya ta masu tafiya a hankali ce, ta yara da tsofaffi da marasa injin. To in mu da kanmu muka mai da ita filin sukuwa, me za mu ce wa mai babur? Zai ce ai gudunku da nawa ɗaya ne. Kuma mai tsere, da ya ga hanyar keke ta cushe, sai ya faɗa babban titi tsakanin motoci, ko ya bi hannun da ba nasa ba. Duk ran da aka ga masu keke sun bar hanyarsu, an samu dalilin cewa ba sa bukatarta. Iyaye kuma in suka ga hanyar ba ta da aminci, sai su hana yaro keke su sa shi a yalo-yalo, kuɗin mota ya ƙaru a kansu, yawan masu keke ya ragu, muryarmu ta ƙara yin ƙasa.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce malam, ɗan tseren nan shi ke sa jini ya motsa, shi ke sa tafiyar ta yi daɗi, kuma son wuce tsara ba laifi ba ne. Na yarda. A aji ma ina ganin yadda gasa ke tayar da yaro mai barci. Sai dai kowace gasa tana da filinta. Maƙwabtanmu na Burkina Faso suna yin Tour du Faso tun 1987, kuma Faransa na yin nata tun 1903. A can ana rufe hanya, jami'an tsaro na gaba, motar asibiti na baya, kowa da hular kwano, kowa kuma da yardarsa ya shiga. Har manne wa bayan wani da suke yi don ya tare musu iska, abu ne da suka koya, suna yi wa juna ishara da hannu in akwai rami. Namu kuwa sai ka ga yaro ya liƙe a bayan motokin, ko ma ya riƙe ƙarfenta tana jan shi, direban bai san da shi ba. Biniam Girmay na ƙasar Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France na 2024 har ya tafi da koriyar riga. A fagen gasa ya koyi abinsa, ba a tsakiyar 'yan firamare ba. Wa ya sani ko akwai irinsa a Zogbeli ko Sakasaka, yana ɓata baiwarsa wajen tsere da mai buhun gawayi?

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Ƙungiyoyin matasa na zango da na unguwanni, waɗanda ke iya haɗa gasar ƙwallo duk hutu, su haɗa ta keke ma. A nemi izinin 'yan sandan MTTD, a rufe wani yanki na hanya da safiyar Asabar, a nemi shawarar hukumar wasan keke ta ƙasa, a sa kyauta ko da sabuwar taya ce. Ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018 a matsayin ranar keke ta duniya, ta dace da wannan. Mai ji da ƙafarsa ya zo can ya nuna mana.

Makarantu su ma akwai abin da ya rataya a wuyansu. Yaron da ya san horo mai tsanani na jiransa a bakin ƙofa saboda lattin minti biyar, zai yi gudun da zai iya kashe shi. A tambayi mai latti daga ina yake tahowa, a yi magana da iyayensa kan lokacin fita. A ware rana ɗaya kowane zango a kira mai gyaran keke ya duba birki da ƙararrawa da sarƙar kekunan ɗalibai. Kuɗin robar birki bai kai kuɗin ɗauri ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, NRSA, in ta zo wayar da kai, kada ta tsaya kan direbobi da masu babur kaɗai. Majalisar birni kuma ta share mana hanyar, ta sabunta fentin da ya goge, ta rufe kwatocin da ke buɗe.

Mu manya kuwa namu mai sauƙi ne. Ka fita da minti goma kafin lokacin da ka saba, ka ga ka sayi abin da tsere ba zai ba ka ba. In za ka wuce mutum, ka kaɗa ƙararrawa, ka ba shi fili, ka yi masa ina kwana. Kusa da makaranta da kasuwa da asibiti ka sassauta, ko da babu wanda ya tsare ka. In kuma wani ya wuce ka fuu, ka bar shi ya je, Allah ya kai shi lafiya. Yaran da ke bayanmu a kan ƙananan kekunansu ba wa'azinmu suke kwaikwaya ba, ƙafarmu suke kallo. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Allah ya tsare mu a hanya, ya tsare mutane daga gare mu.