Tanis na mata 'yan bibbiyu: ko ƙofar za ta buɗe wa 'yan matan arewa?

A watan Yulin 2022, mata biyu 'yan Afirka sun kai wasan ƙarshe a gasar tanis ta Wimbledon a Ingila.

Hankalin duniya ya fi karkata ga Ons Jabeur ta Tunisiya, wadda Elena Rybakina ta doke a wasan manya na 'yan ɗai-ɗai. Amma wadda ta koma gida da kofi ita ce Angella Okutoyi, 'yar Kenya mai shekara 18, wadda ta haɗa gwiwa da Rose Marie Nijkamp ta Holan suka lashe wasan 'yan bibbiyu na matasa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Cara Black ta Zimbabwe ta ci kofin 'yan bibbiyu na mata a Wimbledon a 2004 da 2005 da 2007, ta kuma daɗe tana riƙe da matsayi na ɗaya a duniya a wannan fanni.

Ita ma Sania Mirza, Musulma 'yar Indiya, ta nan ta yi suna. Ta zama ta ɗaya a duniya a watan Afrilun 2015, sannan ita da Martina Hingis suka ci Wimbledon da gasar Amurka a shekarar, da ta Ostireliya a 2016, suka kuma yi wasa 41 a jere ba a doke su ba. Ta yi ritaya a Dubai a 2023.

Abin lura a nan shi ne, matan ƙasashen da tanis bai kafu sosai ba sun fi samun shiga sahun gaba ta wasan 'yan bibbiyu. Dalili kuwa, wasan bai dogara ga ƙarfin bugu kaɗai ba. Yana buƙatar fahimtar juna, da saurin hannu a bakin raga, da sanin inda abokiyar wasa za ta tsaya, kuma 'yan wasa kan daɗe suna yin sa ko da shekaru sun ja.

Ina Najeriya take?

A Najeriya, an sha gudanar da gasar cin kofin gwamna a Legas, wadda ke jawo 'yan wasa daga ƙasashen waje. A arewa akwai gasar Dala ta Kano da aka daɗe da sani, kuma Kaduna ta karɓi baƙuncin bikin wasanni na ƙasa a 2009.

Sai dai filayen tanis a arewa sun fi yawa a kulob-kulob na manyan birane, da barikokin soja, da manyan makarantu irin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan ba su da nisa da Zariya, amma rayuwa a can ta noma ce: rake a Makarfi, tumatir da tattasai a Ikara da Hunkuyi. Wasan da yara suka sani shi ne ƙwallon ƙafa, shi ma na maza. Yarinyar da ta tashi a waɗannan garuruwa za ta iya gama sakandare ba ta taɓa riƙe abin buga tanis ba.

Batun tufafi

Abu na farko da iyaye za su tambaya shi ne suturar da ake sawa. Ko Sania Mirza ba ta tsira ba, domin a 2005 wasu malaman addini a Indiya sun soki gajerun kayan da take wasa da su.

Amma dokoki sun sauya. Tun 2019 hukumar tanis ta mata ta duniya, WTA, ta amince 'yan wasa su riƙa sa dogon wando a gasanninta. A matakin makaranta kuwa, babu abin da zai hana yarinya wasa da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali.

Haka nan tanis wasa ne da babu haɗa jiki, raga ce ta raba ɓangarorin biyu, kuma ana iya yin filinsa a cikin katangar makarantar 'yan mata. Tsawonsa bai kai mita 24 ba, faɗinsa kusan mita 11, kuma a wasan 'yan bibbiyu yana ɗaukar yara huɗu a lokaci guda. Ga makarantar da ba za ta iya gina fili fiye da ɗaya ba, wannan lissafi ne mai muhimmanci.

Batun kuɗi

Babbar matsalar ita ce tsada. Daga waje ake shigo da ƙwallaye da abin bugu da zarensa, kuma farashinsu ya ƙaru bayan faɗuwar darajar naira tun daga 2023. Ga kuɗin mai horarwa, ga na tafiye-tafiye, domin sai an halarci gasanni a ƙasashe daban-daban ake tara makin shiga jerin 'yan wasan duniya.

Ko a matakin ƙoli ladan ba ɗaya ba ne. A Wimbledon ta 2025, wadda ta ci wasan 'yan ɗai-ɗai ta karɓi fam miliyan 3, yayin da Elise Mertens da Veronika Kudermetova, waɗanda suka ci na 'yan bibbiyu, suka raba fam dubu 680 a tsakaninsu. A ƙananan gasanni, abin da ake samu sau da yawa ba ya biyan kuɗin jirgi da masauki.

Saboda haka babu hikima a yi wa iyaye alƙawarin arziki. Ribar da ta fi kusa ita ce ta karatu, domin jami'o'in Amurka na bai wa 'yan wasan tanis gurbin karatu kyauta. Ta wannan hanya Okutoyi, wadda kakarta ta rene ta a Nairobi, ta shiga Jami'ar Auburn, kafin ta ci lambar zinariya a wasannin Afirka na Accra a 2024.

Yanzu ya rage ga ma'aikatun ilimi da wasanni na jihar Kaduna, da hukumar tanis ta Najeriya, su duba ko za a iya fara gasar 'yan bibbiyu tsakanin makarantun 'yan mata na shiyyar Zariya. Matuƙar filayen suka ci gaba da zama a cikin kulob na masu hali, 'yan matan Ikara da Makarfi da Kudan ba za su samu damar gwada basirarsu ba.