Tsare Teku A Akwatin Gilashi: Sha'awa Ce Ko Ɗaukar Amana?

Idan aka ambaci murjani, abin da ke faɗo wa Bahaushe a rai shi ne jan dutsen adon nan da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya da hannu, wanda darajarsa ta kai har ake raɗa wa 'ya'ya mata suna Murjanatu. Kalmar ta zo mana daga Larabci, kuma hanyar da ta biyo ita ce hanyar da hajar kanta ta biyo, wato daga tekun Bahar Rum ta ratso Sahara a bayan raƙuma. Da yake a mace muka san shi, an fafe shi an goge an huda, sai harshenmu ya ajiye shi a sahun duwatsu. Alhali kuwa murjani dabba ce mai rai, mai baki, mai ci, mai haihuwa, abin da muke sa wa a wuya ƙashinta ne kawai. A matsayina na wanda nazarin harshe ne sana'arsa, na daɗe da lura cewa sunan da mutane suka ba wa abu shi ke shata iyakar tausayin da za su yi masa. Wannan ne ya sa nake son mu duba wata sha'awa da ta yi ƙarfi a Amurka da Turai da Japan, wato kiwon murjani da ƙananan kifaye da ƙumbar teku a cikin ɗan ƙaramin akwatin gilashi mai ruwan gishiri.

Ga wanda bai taɓa gani ba, akwatin da nake magana a kai bai cika wuce lita 100 ba, akwai ma waɗanda ba su kai lita 20 ba, wato ba su kai cikin jarkar da mai ruwa ke turowa a kura ba. A cikinsa ake jera duwatsun teku, a dasa rassan murjani masu launi iri-iri, a saki kifi biyu ko uku da ba su fi tsawon yatsa ba, wani lokaci kuma a ajiye dabbar nan mai ɓawo biyu da masana ke kira Tiridakna, wadda Bahaushe ya san 'yar'uwarta ta kogi da sunan ƙumba. Babu shakka abin yana da kyan gani. Duk wanda ya tsaya gabansa da dare, shuɗin haske na sauka a kan murjani yana kaɗawa, zai fahimci dalilin da ya sa mutane ke kashe dukiya da lokaci a kansa.

Sai dai ƙanƙantar akwatin ita ce babbar wahalarsa, saɓanin yadda mai saye ke zato. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma halittun da ke zaune a tudun murjani sun saba da wannan ma'auni tun fil azal. Idan akwati mai lita 20 ya rasa lita ɗaya ta hanyar tururi, gishirin ba ya tashi tare da ruwan, don haka ma'aunin zai haura zuwa kusan giram 37. Asarar lita ɗaya a tanki mai lita 500 kuwa ko a jikinsa. Haka zafi yake: ana son ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27, kuma ruwa kaɗan ya fi saurin ɗumama da saurin hucewa. Haka ma dauɗa. Kifi ɗaya da ya mutu a bayan dutse ba a gani ba zai iya ruɓewa ya cika ruwan da amoniya ya hallaka sauran kafin gari ya waye. Teku na da faɗin da ke shanye irin wannan ɓarna, kwalba kuwa ba ta da shi.

Murjanin da ke gina tudu a tekuna masu ɗumi ya bambanta da jan murjanin adonmu ta wata fuska mai ban mamaki. A cikin naman jikinsa akwai wasu ƙananan gansakuka da ido ba ya gani, su ke amfani da hasken rana su haɗa abinci su ciyar da shi, shi kuma ya ba su mafaka. Ƙumbar Tiridakna ma haka take rayuwa, shi ya sa take buɗe ɓawonta ta shimfiɗa namanta mai sheƙi ga haske. Wannan na nufin mai akwati sai ya samar musu da fitila mai ƙarfin da ke kwaikwayon rana, da injin da ke motsa ruwa dare da rana kamar igiyar teku, da sinadarin kalsiyam da suke zuƙa daga ruwa don gina ƙashi da ɓawo. Ƙumba mai girma cikin ƙoshin lafiya tana iya zuƙe wannan sinadari daga ƙaramin akwati da sauri fiye da yadda mai shi ke maye gurbinsa. Kuma ba kowace iri ce ta dace da ƙaramin wuri ba, domin babbar cikinsu kan wuce tsawon mita ɗaya, nauyinta ya haura kilo 200. Wanda ya sayi jaririyarta don ta burge shi a shago ya sayi abin da ɗakinsa ma ba zai ɗauka ba.

Duk wannan wahala ce da ta shafi mai akwati da abin da ya tsare. Abin da ya fi damu na shi ne tambayar da ba a cika yi a shagon sayarwa ba: daga ina aka kawo su? Mafi yawan kifayen ado na ruwan gishiri har yanzu daga teku ake kamo su, kuma Indunusiya da Filifin ne kan gaba wajen fitar da su. Tun shekarun 1960 aka san wata mummunar dabara a Filifin, inda mai nutso ke fesa gubar sayanaid a cikin ramukan murjani don kifi ya sume a ɗauke shi cikin sauƙi. Dokokin ƙasashen sun haramta hakan, amma ba a daina gaba ɗaya ba. Gubar na kashe murjanin da ta taɓa, kifin kuma sau da yawa yakan isa shago da kyansa, ya mutu bayan 'yan kwanaki a hannun wanda ya saye shi, shi kuma ya koma ya sayi wani.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani ɗan kifi mai ratsin baƙi da fari da ɗigo-ɗigo a jiki, wanda asalinsa babu shi a ko'ina a duniya sai a tsibiran Banggai da ke gabashin Sulawesi a Indunusiya. Masana sun rubuta bayaninsa tun 1933, amma sai a tsakiyar shekarun 1990 'yan kasuwar kifin ado suka farga da shi. Halittarsa ce ta sa shi cikin haɗari. Macen na yin ƙwai 'yan gomomi kacal, namijin ya ɗauke su a bakinsa har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma su zauna nan kusa, suna fakewa a tsakanin ƙayoyin bushiyar teku. Igiyar ruwa ba ta kwasar su zuwa nesa kamar 'ya'yan sauran kifaye, saboda haka idan aka kwashe na wani lungu, da wuya wasu su zo su maye gurbi. Cikin 'yan shekaru sai ga shi ana fitar da dubban ɗaruruwa a kowace shekara. A 2007 ƙungiyar IUCN ta sa shi a jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A shekarar ce Amurka ta nemi a sa shi ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, amma ta janye bayan Indunusiya ta ƙi amincewa. Tarayyar Turai ta sake gwadawa a 2016, ita ma ta janye. Abin takaicin shi ne wannan kifi na daga cikin mafi sauƙin hayayyafa a tsare. Dalilin ci gaba da kamo shi daga teku bai wuce araha ba.

Ɓarnar ba ta tsaya a wurin kamu ba, har da wurin zubarwa. A 1985 aka fara ganin kifin nan mai ƙayoyi masu dafi da ake wa laƙabi da kifin zaki a gaɓar Fulorida, alhali gidansa tekun Indiya da Fasifik ne. Masana sun fi karkata ga cewa masu kiwon da suka gaji da shi ne suka sake shi. Yau ya bazu a yankin Karebiyan yana cinye 'ya'yan kifayen wurin, ba shi da mai taka masa birki.

Da wannan, mai karatu zai iya cewa ai magana ta ƙare, a haramta sana'ar kowa ya huta. An gwada hakan a wasu wurare. Fiji ta hana fitar da murjani mai rai a ƙarshen 2017, Indunusiya ta dakatar da fitarwa a 2018 kafin ta sake buɗewa a 2020, kotu kuma ta tsayar da kamun kifin ado na kasuwanci a Hawai a 2021. Ni dai ban goyi bayan hani na bai-ɗaya ba, kuma ina da dalilai biyu.

Na farko, babban abin da ke kashe tudun murjani shi ne ɗumamar teku. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba gani a lokacin bazara da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe makonni a haka, murjani kan kori gansakukan da ke ciyar da shi, ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Hakan ta faru a faɗin duniya a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 zuwa 2017, sannan a watan Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta tabbatar da karo na huɗu. Tudun murjani bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku sun dogara da shi. Ko da an rufe dukkan shagunan kifin ado gobe, wannan annoba ba za ta tsaya ba, sai dai masuncin ƙauye a Sulawesi ya rasa abin sa wa a baka, ya koma wa wata hanyar kamu da ƙila ta fi ta farko ɓarna.

Na biyu, wannan sha'awa ta haifar da ilimi mai amfani. Masu kiwo sun ƙware wajen yanko ɗan reshen murjani a manna shi a kan dutse ya girma ya zama sabo, har ya zamana wani murjanin ya yi shekaru yana yawo daga akwati zuwa akwati ba a koma teku ba. Irin wannan dabara ce masu farfaɗo da tuddan da suka mutu ke amfani da ita. A 2013 gidan tarihi na Horniman da ke Landan ya yi nasarar sa murjani ya hayayyafa a tanki a lokacin da aka tsara, ta hanyar kwaikwayon hasken wata da sauyin yanayi. Kifin nan mai ruwan lemo da farin ratsi, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya ƙara wa farin jini, tun shekarun 1970 ake hayayyafa shi a tsare don sayarwa. Ƙumbar Tiridakna, wadda dukkan nau'o'inta ke ƙarƙashin kulawar CITES tun 1985, ana noman ta a gonakin ruwa a Palau da wasu tsibiran Fasifik. Ke nan akwai hanyar cika akwati ba tare da an yashe teku ba.

Matsayina shi ne kiwon halittun teku a ƙaramin akwati ya halatta ga wanda ya cika sharuɗɗa uku. Ya tabbatar cewa abin da ya saya haifaffen gona ne, ya nemi shaida, idan mai shago ya kasa bayarwa ya juya ya tafi. Ya taƙaita ga abin da akwatin zai iya ɗauka har zuwa girmansa, ko da kuwa kifi ɗaya ne. Sannan ya san cewa ya ɗauki aikin kullum na awo da canjin ruwa, wanda ba ya jiran hutu ko tafiya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wani zai ce mu da muke da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga gaɓar teku, ina ruwanmu da wannan zance? Harshenmu ma ya ƙaryata wannan tunani. Kalmar kuɗi da muke furtawa kullum jam'in wuri ce, wuri kuwa ɓawon wata 'yar katantanwa ce da ake tsinta a tsibiran Maldibs, waɗanda su kansu murjani ne ya gina su. Ibn Battuta ya ga ana ciniki da shi a Mali da Gao a ƙarni na 14, Heinrich Barth ya tarar da shi ne kuɗin kasuwar Kano a 1851. Mun yi ƙarnoni muna zaman masu saye na nesa, waɗanda ba su taɓa ganin inda hajar ke fitowa ba. Yanzu da 'yan bokonmu ke yawon duniya suna ganin irin waɗannan akwatuna a otal-otal da ofisoshi, ba abin mamaki ba ne wani ya yi sha'awar kawo ɗaya falonsa. Irin wannan mutum ya tuna cewa a Kano ko Sakkwato zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, kuma 'yan sa'o'i na ɗaukewar wuta sun isa iskar shaƙa ta ƙare a ƙaramin akwati. Wanda ba shi da wutar da ba ta yankewa da na'urar sanyaya ruwa, abin da zai kawo gida ba zai daɗe a raye ba.

Daga ƙarshe, ina kira ga masu hali a cikinmu da kada su bari kalmar ado ta rufe musu ido. Abin ado shi ne wanda za ka ajiye a kan tebur ka manta da shi wata guda ka dawo ka tarar da shi yadda ka bar shi. Duk abin da ke jiran hannunka kafin ya ci ko ya yi numfashi, kiwo ne, kuma Bahaushe ya san haƙƙin da ke kan makiyayi. Wanda zai iya sauke wannan nauyi, ya yi, ya kuma nuna wa 'ya'yansa su san cewa murjani na da rai. Wanda ba zai iya ba, ya bar wa teku kayanta. Allah ya sa mu gane.