Mu Koyi Ba Kwamfuta Umarni da Rubutu

'Yan'uwa ɗalibai, malamanmu da iyayenmu, muna da magana a kan darasin kwamfuta. Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya, mutane da yawa a nan Ikara, Makarfi da Kudan sun ɗauka cewa in yaro ya iya riƙe linzami ya danna A ko B, to ya gama. A ganinmu wannan bai isa ba. Ya kamata ɗalibin da zai fita aji shida ya san rubuta umarni a baƙin allon nan da ba shi da hoto, har ya iya sarrafa kwamfutar da ba ta gabansa.

Bari mu yi bayani. Kamfanoni irin su Amazon, Google da Microsoft suna da gine-gine cike da manyan kwamfutoci. Sukan ɗauki guda su raba ta kashi-kashi, kamar yadda mai gida yakan raba gidansa ɗaki-ɗaki ya zuba 'yan haya. Kowane kashi yana aiki kamar cikakkiyar kwamfuta. Wannan ne ake kira gajimare, ko da yake ba ruwansa da sama. Gini ne a ƙasa, da mai gadi da janareta. Amazon ya fara ba da irin wannan haya a 2006, ya buɗe cibiya a Afirka ta Kudu a 2020, da ƙaramin reshe a Legas a 2023.

Hanya biyu ce ake bi a yi wa kwamfutar haya magana. Akwai shafin kamfanin mai hotuna da wuraren dannawa, akwai kuma layin umarni. Ta biyun ce ta dace da mu. Kowa ya san yadda shafi mai nauyi yake yi in sabis ya yi rauni: sai ya yi ta juyawa, data tana ƙonewa. Umarni kuwa 'yan haruffa ne, amsarsa ma rubutu ce, don haka yana wucewa inda hoto ya maƙale. Ko kwamfuta ba dole ba ce, domin akwai manhajar Termux da ake sa wa wayar Android. In kuma aka ɗauke wuta a nan, can ba a ɗauke ba. Wanda ya fara aikinsa a cikin manhajar tmux, in sabis ya dawo zai tarar aikin yana tafiya.

Farkon koyon ba shi da yawa. Umarnin ssh-keygen yana ƙera abu biyu. Ɗaya kamar kwaɗo ne, shi ake maƙala wa kwamfutar haya, ko wa ya gan shi ba komai. Ɗayan shi ne makulli, yana zama a hannun mai shi kaɗai. Sai a rubuta ssh, da sunan mai shiga, da adireshin kwamfutar, ƙofa ta buɗe. A ciki, ls yana nuna abin da ke ajiye, cd yana kai ka wani ɓangare, sudo apt update kuma yana duba sababbin gyare-gyare in Ubuntu ne a kai. Mai haya a wurin Google in ya rubuta gcloud compute instances list zai ga duk kwamfutocinsa a jere. Yawancin waɗannan kwamfutoci da Linux suke aiki, kuma wanda ya fara rubuta Linux a 1991, Linus Torvalds, ɗalibi ne a lokacin a ƙasar Finland, yana da shekara 21. Bai girmi wasu 'yan ajinmu da yawa ba!

Mun san abin da iyaye za su ce, kuma suna da gaskiya: kuɗi. Da dala ake lissafin hayar nan, gwargwadon lokacin da kwamfutar ta yi a kunne. Duk wanda ya taɓa hayar injin ban ruwa don lambun tumatir ya san abin da ke faruwa in aka bar shi yana aiki aka tafi gida: mai ya ƙare, ga kuɗin haya yana jira. To nan ma haka ne, sai dai wannan injin ba ya ƙara balle maƙwabci ya zo ya gaya maka. Akwai kuma wani tarko. In ka tsayar da kwamfutar, kuɗin aiki ya tsaya, amma na ma'ajiya yana ci gaba har sai ka share ta. Kyautar gwajin da kamfanonin suke bayarwa ma tana da iyaka, kuma yawanci sai an ba da lambar katin banki. Saboda haka muke cewa umarnin tsayarwa da na sharewa su ne za a fara koya wa ɗalibi, tun kafin na kunnawa. Asusun kuma ya zauna a hannun malami ɗaya, a sa masa gargaɗin da zai sanar in kuɗi ya kai wani adadi.

Batun ɓarayi ma gaskiya ne. Kwamfutar da ke buɗe a intanet ba ta daɗewa sai manhajojin ɓarayi sun fara gwada kalmomin sirri a ƙofarta, dare da rana. Maganin shi ne a rufe shiga da kalmar sirri a bar makulli kawai, kada kuma kowa ya tura wa abokinsa makullin ta WhatsApp.

Roƙonmu ga shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai ba mai tsada ba ne. A ware tsofaffin kwamfutoci biyu a sa musu Ubuntu, wanda kyauta ne. 'Yan aji biyar su sami darasi ɗaya a mako suna shiga ɗaya daga ɗayar da ssh, ba tare da an kashe ko sisi a kan haya ba. In zango na uku ya zo, a yi hayar mafi ƙanƙanta a gajimare na wata ɗaya, kowane rukuni ya kunna ta, ya ɗora ɗan shafi, ya tsayar da ita a gaban malami, na ƙarshe kuma ya share ta.