Allura Ɗaya, Shanu Hamsin

Jama'a, duk wanda ya zauna a Mazanya ya san shanu ba ruwansu da iyaka. Daga Maraɗi su gangaro Jibiya, su gauraya da namu. Abin da ya dame ni shi ne mai allura da ke bin garke, allura ɗaya ya soka wa shanu hamsin, ko gogewa ba ya yi.

Akwai wata ƙwayar cuta, irin wadda ake kira bairos, wadda masana a Amurka suka gano cikin 1969. A jini take zaune. Ɗan ɗigon da ya rage a bakin allura ya isa ya kai ta jikin wata saniya, haka kuma wuƙar fiɗiya da ƙuda mai cizo. Yawancin shanun da suka ɗauka suna kiwonsu lafiya lau. Amma kaɗan, ba su kai biyar cikin ɗari ba, bayan shekaru sai abin ya zame musu ciwon daji. Kaluluwa ta kumbura a wuya da gaban kafaɗa, saniya ta rame, nono ya janye, wani lokaci ido ya tulo ko ƙafafun baya su mutu. Ba magani.

Wani zai ce wannan ai kaɗan ne. To, manyan shanu yake kayarwa, watau iyayen garke.

Ingila ta rabu da cutar ta hanyar auna jini da yanka masu ita. Wannan ya fi ƙarfinmu yanzu, amma kuɗin sabuwar allura bai fi ƙarfin mai saniya ba. Ku saya da kanku, kowace saniya da tata. In kun ga kumburi, ku kira malamin dabbobi kafin dillali.